Yadda Za Ka Daidaita Faɗa Idan Alƙaluman Dodanni Sun Canza a Dungeons & Dragons

Tun da sabon littafin dodanni na Dungeons & Dragons (wasan tebur ne da mutum ɗaya ke jan labari yana riƙe dodanni, sauran kowa na riƙe da jaruminsa, dayis na yanke hukunci) ya fito a watan Fabrairun 2025, bayan sabunta dokar wasan a 2024, tambaya ɗaya ce masu gudanar da wasa suke ta maimaita mini: "Labarin da nake ja na tsohuwar doka ne, ga kuma sababbin dodanni, yaya zan yi kada faɗa ya lalace?" Wani ya ce 'yan wasansa sun kashe babban dodon da ya yi wata guda yana gina masa suna cikin zagaye biyu (zagaye shi ne kowa a faɗan ya yi juyinsa sau ɗaya). Wani kuma ya ce kerketai huɗu kacal suka kusa share masa tawaga. Duka biyun laifin abu ɗaya ne: sun dubi lambar matakin haɗari da ke ƙasan katin dodo, suka ga ba ta canza ba, suka ɗauka komai yana nan yadda yake.

Wannan lambar, wadda littafi ke rubutawa CR, suna ce kawai. Abin da ke yanke hukunci a tebur shi ne zagaye nawa dodo zai yi a tsaye, da zagaye nawa zai ɗauka kafin ya kayar da jarumi ɗaya. Duk matakan da ke ƙasa hanyar gano waɗannan lambobi biyu ne da gyara su.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Kana buƙatar takardun jaruman 'yan wasanka, katin dodon a tsohuwar siga ta 2014 da sabuwar ta 2025, fensir, takarda, na'urar lissafin da ke wayarka, da dayis mai fuska 20. Ba dole ba ne ka sayi littafi kafin ka fara. Kamfanin Wizards of the Coast ya saki taƙaitattun dokoki kyauta, SRD 5.1 na tsohuwar doka da SRD 5.2 na sabuwa, kuma duk dodannin da zan kawo misali da su suna ciki. Cikakken littafin, mai dodanni sama da 500, farashinsa a Amurka lokacin da ya fito a 2025 dala 49.99 ne. Ainihin tsadar aikin lokaci ce. Dodo na farko zai iya cin maka rabin awa, amma idan hannunka ya faɗa, minti goma sun isa.

1. Tsayar da dokar da ake bi a teburinka

Kafin ka taɓa kowane dodo, amsa wannan: jaruman da wace doka aka gina su? Akwai hali uku. Tsofaffin jarumai da sababbin dodanni, sababbin jarumai da tsofaffin dodanni, ko kuma kowa sabo amma labarin da kake karantawa an rubuta shi da tsohon lissafi.

Wannan yana da muhimmanci domin jaruman dokar 2024 sun fi na da ƙarfi. Sihirin warkar da rauni na matakin farko da yake ba da 1d8 (wato jifan dayis ɗaya mai fuska 8) yanzu 2d8 (dayis biyu) yake bayarwa, na warkarwa daga nesa ya tashi daga 1d4 zuwa 2d4, shan maganin warkarwa ya koma ƙaramin aiki maimakon ya cinye maka juyi gaba ɗaya, mayaƙa kuma sun samu dabarun makami da ke kayar da abokin gaba ko rage masa saiti. An ƙara wa dodanni kauri ne don su iya da waɗannan. Idan jarumanka na 2014 ne, to sabon dodo zai yi musu nauyi fiye da yadda lambarsa ta nuna. Idan na 2024 ne kuma ka kawo musu tsohon dodo, kamar ka ba su takarda su yaga ne.

Gargaɗi: kada ka bar kowane ɗan wasa ya tsinci abin da ya yi masa daɗi daga dokokin biyu. Idan tawagar gauraye ce, rubuta a takarda wace sigar kowane sihiri ake amfani da ita, kowa ya gani.

2. Kwashe alƙaluman jarumanka a takarda ɗaya

Layi ɗaya ga kowane jarumi, abubuwa biyar: makin sulke, wato AC, makin rai, wato HP, ƙarin da yake samu a jifan hari, matsakaiciyar ɓarnar da yake yi idan ya samu, sai jifan tsirar da ya fi rauni a kansa (jifan tsira shi ne dayis ɗin da ake jefawa don kauce wa sihiri, guba ko faɗuwa).

Wajen matsakaici, haddace wannan: dayis mai fuska 4 yana ba da 2.5, mai 6 yana ba da 3.5, mai 8 kuwa 4.5, mai 10 kuma 5.5, mai 12 shi ne 6.5. Saboda haka takobi mai 1d8+3 matsakaicinsa 7.5 ne.

A misalan da ke tafe zan yi amfani da tawagar mutum huɗu da jarumansu ke matakin ƙarfi na 3, kowanne da +5 a hari da ɓarnar kusan maki 9. Mayaƙinsu yana da sulke 16 da rai 28, matsafinsu sulke 12 da rai 20. Kai ka sa naka.

Gargaɗi: kada ka lissafa da ranar da suka fi sa'a. Sihirin da ake jefawa sau ɗaya ko biyu a yini ka rubuta shi gefe guda, kada ya shiga matsakaicin kowane zagaye.

3. Jera katunan biyu gefe da gefe

Ɗauki fensir ka bi layi-layi, ka zagaye duk abin da ya bambanta. Kada ka tsaya a kan lambobi kawai. Karanta jimlolin da ke ƙarƙashin kowane hari har ƙarshe, ka dubi kalmar da ke faɗin jinsin dodon a saman kati, ka dubi layin kariya daga ɓarna. Galibin abin da ke kashe tawaga ba ya cikin manyan lambobi, yana cikin rabin jimlar da aka goge.

Wasu sunayen ma sun canza. Tsohon gobilin yanzu shi ne gobilin mayaƙi, an kuma ƙara ƙaramin gobilin ɗan aike wanda bai kai shi ba. Dodon da ake kira orc kuwa ba shi da katinsa na kansa a sabon littafi, katin ƙaton ɗan daba na gama-gari ake ara masa. Idan labarinka ya ce gobilin shida, tabbatar wanne kake ɗauka.

4. Lissafa zagaye nawa dodo zai rayu

Nan ne zuciyar aikin, don haka za mu ɗan daɗe.

Cire ƙarin harin jarumi daga makin sulken dodo, abin da ya rage shi ne lambar da dole dayis ya nuna. Kowace fuska ta dayis mai 20 kashi 5 cikin 100 ce. Ɗauki basamuden nan mai kulki da littafi ke kira ogre, matakin haɗari 2, sulke 11. Jarumi mai +5 yana buƙatar 6 ko sama, fuskoki 15 ke nan, kashi 75 cikin 100. Ninka da ɓarna 9, ka samu 6.75. Mutum huɗu, maki 27 a zagaye.

Tsohon basamuden yana da rai 59. Raba da 27, ka samu 2.2, wato zai faɗi a zagaye na uku. Sabon yana da 68. Raba da 27, ka samu 2.5, har yanzu zagaye na uku. Ka ga ƙarin maki 9 ɗin nan bai taka kara ya karya ba. Wannan dodon za ka iya musanya tsohon da sabon idonka a rufe.

Yanzu gwada wani abu. Bar ransa a 59, amma ka sa masa sulke ya koma 15. Jarumi yana buƙatar 10, kashi 55 cikin 100, tawaga tana yin 19.8 a zagaye. Zai kai ƙarshen zagaye na uku cif. Don ka samu wannan jinkirin ta hanyar rai kaɗai, sai ka kai shi kusan 80. Maki 4 na sulke sun yi daidai da makin rai sama da 20. Mutane suna ganin 4 ƙaramar lamba ce sai su ƙara ta ba tare da tunani ba. Kuma akwai bambancin ɗanɗano: dodo mai yawan rai yana barin 'yan wasa su ji suna sara suna samu, mai kaurin sulke kuwa yana sa su yi ta jifa suna kuskure. Ɗan wasan da ya jira minti goma juyinsa ya zo, ya jefa, aka ce masa bai samu ba, sau uku a jere, za ka ga ya ɗauko waya. Ni dai idan ina son faɗa ya ƙara tsawo, rai nake ƙarawa, ba sulke ba.

A wajen ƙananan dodanni kuma lissafin raba-da-matsakaici yana yaudara, domin abin tambaya shi ne ko sara ɗaya zai gama da su. Tsohon gobilin ransa 7, sabon gobilin mayaƙi 10. Maki uku ne kawai tsakani. Amma mai takobin 1d8+3 yana kashe mai rai 7 idan dayis ya nuna 4 zuwa 8, fuska biyar cikin takwas. Mai rai 10 kuwa sai 7 ko 8, fuska biyu cikin takwas. Daga sama da kashi 60 an faɗo kashi 25. Gobilin da a da yake mutuwa kafin ya ɗaga adda, yanzu yawanci zai rayu ya rama. Ninka wannan sau shida ka ga yadda faɗan bakin kogo ya koma wani abu dabam.

Abin da nake nema a faɗa na yau da kullum shi ne zagaye uku zuwa huɗu. Ƙasa da biyu, dodo bai nuna abin da ya iya ba. Sama da biyar, sai dai idan babban faɗan ƙarshe ne, gajiya ta shigo.

Gargaɗi: tsohon littafin jagoran wasa na 2014 yana da jadawalin ƙera dodo wanda ya ba matakin haɗari 2 rai 86 zuwa 100, ya ba 1/4 rai 36 zuwa 49. Kada ka kwafi waɗannan ka liƙa wa dodo. Jadawalin na auna tsaro da hari ne dabam-dabam sannan a ɗauki tsakiyarsu, shi ya sa gobilin mai rai 7 yake zaune a 1/4. Wanda ya ba gobilin rai 40 ya bar masa harinsa yadda yake ya ƙera wani dodo ne dabam da sunan gobilin.

5. Juya lissafin: zagaye nawa jarumi zai jure

Hanya ɗaya ce, sai dai yanzu dodo ke jifa. Kulkin basamuden +6 ne, ɓarna 2d8+4, matsakaici 13. A kan mayaƙi mai sulke 16 yana buƙatar 10, kashi 55, kusan maki 7 a zagaye. Mayaƙi mai rai 28 zai jure zagaye huɗu, dodon kuwa yana mutuwa a na uku. Lafiya lau.

Amma yi lissafin a kan mafi rauni. Matsafi mai sulke 12 ana samunsa kashi 75, kuma bugu biyu sun wuce ransa 20. Idan dayis ya nuna 20, ana ninka dayis ɗin ɓarna, 4d8+4, matsakaici 22, bugu ɗaya ya kwanta. Wannan ba yana nufin ka rage dodon ba. Yana nufin ka san inda ka ajiye shi a taswira da wanda zai fara kaiwa.

Ka kuma dubi yadda aka yanka ɓarnar. Maki 21 a bugu ɗaya da maki 7 sau uku jimillarsu ɗaya, amma ga matsafin da ke riƙe da sihiri a ransa ba ɗaya ba ne. Kowane bugu yana tilasta masa jifan tsira, yana neman aƙalla 10, idan ya kasa sihirin ya tsinke. Idan yana da +2, yana tsallakewa kashi 65 a bugu ɗaya. Sau uku a jere kuwa damarsa ta koma kusan kashi 27. Idan sabon kati ya raba hari gida uku, ko ya haɗe shi wuri ɗaya, ka lura.

6. Nemo jifan tsirar da aka goge

Wannan shi ne canjin da ya fi cizo, kuma ni ma ya cije ni.

Tsohon kerkeci idan ya ciji mutum yana yin ɓarna 7, sannan wanda aka ciza ya yi jifan tsira na ƙarfi, yana neman 11, idan ya kasa ya faɗi ƙasa. Sabon kerkeci ɓarnarsa ta ragu zuwa 5, sulkensa ya sauko daga 13 zuwa 12. Da gani sai ka ce an rage masa ƙarfi. Amma an cire jifan tsirar. Idan ya samu mutum mai matsakaicin girma ko ƙasa da haka, ya faɗi ke nan, babu jayayya.

Duba da lamba. Kerkeci yana da +4, kuma idan ɗan'uwansa na kusa da abin farauta yana jifa da fifiko, wato dayis biyu a ɗauki mafi girma. A kan sulke 16, kashi 45 ya koma kusan 70. Mayaƙi mai +5 a tsiran ƙarfi yana kasa neman 11 kashi 25 ne kawai, don haka a da damar kayar da shi a cizo ɗaya kusan kashi 17 ce kawai. Yanzu kashi 70 ce, ninki huɗu. Ƙarfin da ɗan wasa ya zuba wa jaruminsa don kada a riƙa kayar da shi bai ƙara yi masa amfani a nan ba.

Wani dare na haɗa kerketai uku da gobilin huɗu a kan tawaga 'yar mataki na 2, na ce ai lissafi ya nuna faɗa ne matsakaici. Abin da ban karanta da kyau ba shi ne rabin jimlar da ke katin sabon gobilin: idan ya kai hari da fifiko, yana ƙara 1d4. Wanda ke kwance a ƙasa kuwa duk mai sararsa daga kusa fifiko yake samu. Kerkeci ya kayar, gobilin ya sare da dayis biyu da ƙarin ɓarna, jarumi ya kashe rabin tafiyarsa wajen miƙewa, kerkeci ya sake kayarwa. Kafin zagaye na uku mutum biyu suna kwance, mai wasa da mayaƙin yana kallona yana cewa, "Malam, wai ni yaushe zan yi faɗa a tsaye?" Sai da na sa gobilin biyu suka tsere da jakar kayan tawagar kafin abin ya lafa.

Abin yi: duk katin da ya ce bugu yana jawo faɗuwa, kamu, guba ko tsoro ba tare da jifan tsira ba, ja masa layi. Sannan ka tambayi kanka wane dodo a cikin faɗan ne zai ci ribar wannan halin. Idan akwai, rage ɗaya daga cikinsu, ko ka mayar da jifan tsirar. Idan za ka mayar, lambar da za a nema ita ce 8, a haɗa da ƙarin ƙwarewar dodon (lambar da ke bin matakin haɗarinsa) da ƙarin sifar da ta dace, kamar ƙarfi.

Gargaɗi: idan ka mayar da jifan tsira, ka tuna an rage ɓarna ne a madadinsa. Mayar da duka biyun, ko ka bar duka biyun.

7. Kariya daga makami: zaɓi ɗaya, kada ka haɗa

Tsofaffin katuna da yawa suna cewa makamin da ba na sihiri ba rabin ɓarna yake yi, ko ma ba ya yin komai. Sabon littafi ya share mafi yawan wannan, ya biya dodannin da ƙarin rai ko sulke.

Mutumin da ke rikiɗa kerkeci shi ne misali mafi fitowa fili. A 2014 ransa 58, sulkensa 12 idan ya rikiɗe, kuma makamin da ba na sihiri ba, ba kuma na azurfa ba, ko ƙwarzane ba ya yi masa. A 2025 ransa 71, sulke 15, kowace wuƙa tana cinsa. Tawagarmu idan tana da azurfa tana gama da tsohon a zagaye na uku, idan ba ta da ita kuma matsafi kaɗai ke iya taɓa shi, faɗan zai haura zagaye tara. Sabon kuwa zagaye na huɗu zai faɗi, da azurfa ko babu.

A nan tambayar ta labari ce, ba ta lissafi ba. Idan ka shirya zama biyu na neman maƙerin da zai shafa wa takubba azurfa, sabon kati ya kashe maka wannan tafiyar, don haka riƙe tsohon gaba ɗayansa. Idan dodon tsintuwar hanya ce kawai, sabon ya fi, domin ba ya barin mayaƙa suna tsaye hannu rabbana.

Gargaɗi: kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauki rai 71 da sulke 15 a ɗora musu tsohuwar kariya. An biya dodon sau biyu ke nan a kan abu ɗaya.

8. Duba jinsin dodo

Gajeren mataki ne amma yana hana rigima. Gobilin da danginsa sun tashi daga jinsin mutane sun koma aljanun daji, kobol sun shiga jinsin daragon, masu kan kura sun zama shaiɗanu. Sihirin sandarar da mutum da na sace zuciyar mutum jinsin mutane kaɗai suke kamawa, saboda haka ba sa aiki a kan sabon gobilin. A ɗaya ɓangaren, saran tsarki na jarumi mai rantsuwa yana ƙara 1d8 a kan shaiɗanu, don haka masu kan kura sun ƙara shiga uku a hannunsa. Bi jerin sihirin 'yan wasanka ka ga wanda ya mutu da wanda ya farfaɗo, ka faɗa musu tun kafin zama, ba sai mutum ya jefa sihirinsa ka ce masa bai kama ba.

9. Wa zai fara motsi

Sabon kati yana rubuta ƙarin jifan farawa a sama, tare da tsayayyar lamba idan ba ka son jifa. Ga ƙananan dodanni bambancin kaɗan ne. Ga manya kuwa sama da ƙasa ne. Baligin jan daragon a da ba shi da ƙarin komai, yanzu +12 gare shi, ma'ana kusan kullum shi zai fara, kuma abin da zai fara da shi wuta ce mai cin kusan maki 60 ga duk wanda ya kasa tsira. Idan tawagarka ta saba shiga kogo a cure wuri ɗaya, ba su alama tun daga nesa, ƙonannun duwatsu ko ƙasusuwa, don su watsu.

Dokar kwanton ɓauna ma ta canza. A da wanda aka yi wa ba-zata yana rasa juyinsa na farko ɗungurungum. Yanzu naƙasu kawai yake samu a jifan farawa, wato dayis biyu a ɗauki mafi ƙanƙanta. Tsohon dodon da ƙarfinsa ya dogara ga mamaya ya rasa rabin haƙoransa a sabuwar doka. Manyan dodanni masu motsi a tsakanin juyin wasu kuma suna da irin wannan motsin sau uku a zagaye, huɗu idan a gidansu ake faɗan, don haka yanke tun yanzu ko a cikin gidan ne ko a waje.

10. Sake lissafin yawan dodanni

Kowane dodo yana da makin gogewa gwargwadon matakin haɗarinsa: 1/4 maki 50, 1/2 maki 100, mataki 1 maki 200, mataki 2 maki 450, mataki 3 maki 700. Waɗannan ba su canza ba. Yadda ake haɗa su ne ya canza.

Tsohuwar doka tana ninka jimilla gwargwadon yawa: dodo biyu sau 1.5, uku zuwa shida sau 2, bakwai zuwa goma sau 2.5. Sabuwa ta jefar da ninkin. Ɗauki jarumai huɗu a mataki na 1 da gobilin huɗu. Jimilla 200. A tsohon lissafi ya zama 400, wanda shi ne iyakar faɗan mutuwa. A sabon lissafi 200 ne, faɗa mai sauƙi. Dodanni ɗaya, tawaga ɗaya, wani littafi ya ce a shirya likkafani, wani ya ce motsa jiki ne. Kuma ka tuna sababbin sun fi wuyar mutuwa. Sabon kasafi mai tsanani, 400, zai ba ka damar zuba gobilin takwas a kan mutanen da ransu bai wuce 8 zuwa 13 ba.

Gaskiya tana tsakani. Tsohon ninkin ya cika tsoro a manyan matakai, inda ƙwallon wuta ɗaya ke share taro. Amma a mataki na 1 da na 2, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, domin kowane dodo ƙarin jifa ne a kowane zagaye. Abin da nake yi: har zuwa mataki na 4 ina lissafawa ta hanyoyin biyu, idan suka yi hannun riga sai in koma mataki na 4 da na 5 na wannan jagorar in ƙirga zagaye. Idan kuma dodanni sun fi jarumai yawa, ba na sakin su gaba ɗaya. Rabi su fara, sauran su iso a zagaye na biyu ko na uku, idan na ga tawaga na numfashi.

11. Idan za ka gyara, lamba ɗaya a lokaci ɗaya

Fara da rai, shi ne mafi sauƙin sarrafawa. Kati yana ba ka dayis a gefen lambar: tsohon basamuden 7d10+21 ne, sabon 8d10+24. Dayis ɗaya aka ƙara, 5.5 da ƙarin juriyar jiki 3. Kai ma haka za ka yi, ƙara ko rage dayis guda, ka sake raba wa ɓarnar tawaga. Girman dodo ne ke faɗin irin dayis: ƙarami mai 6, matsakaici mai 8, babba mai 10, ƙato mai 12.

Idan rai bai wadatar ba, taɓa ɓarna. Sulke da ƙarin hari su ne na ƙarshe, kuma kada su wuce maki 1 ko 2.

Gargaɗi: kada ka taɓa sifofi shida na asali, irin su ƙarfi da juriya, sai ka shirya bin sawunsu. Ƙara wa dodo ƙarfi da maki 2 yana ƙara masa saiti, ɓarna, jifan tsira, da lambar da ake nema don kuɓuta daga kamunsa, duk a lokaci guda. Haka nan ƙarin ƙwarewa yana bin matakin haɗari: +2 har zuwa mataki 4, +3 daga 5 zuwa 8, +4 daga 9 zuwa 12. Idan gyaranka ya tsallaka da dodo daga 4 zuwa 5, komai nasa ya motsa.

12. Gwada kai kaɗai, sannan ka kai tebur

Shimfiɗa taswira, ka buga zagaye biyu na farko da kanka, kana jefa wa kowa. Minti goma sha biyar ne. Ba sakamako kake nema ba, kana neman abin da takarda ba ta nuna: ƙofar da ta yi ƙunci har mayaƙi ɗaya ya tare dodanni biyar, ko filin da ya yi faɗi har maharba suka gama da basamude kafin ya iso.

A katin da za ka riƙe ranar wasa, rubuta rai iri uku: mafi ƙaranci da ka yarda da shi, matsakaici, da mafi yawa. Ga basamuden, misali 55, 68 da 80. Rubuta kuma rabin ransa. Sabuwar doka tana da suna ga wanda ransa ya sauko rabi ko ƙasa, wato ya yi jina-jina, kuma wasu katunan suna canza halin dodo a wannan gaɓar. Faɗa wa 'yan wasa da baki idan an kai nan, yana taimaka musu su san ko su ci gaba ko su ja da baya. Kai ma nan ne wurin yanke shawararka ta ƙarshe: dubi zagaye na nawa ake, dubi mutum nawa ke tsaye, ka zaɓi ɗaya daga lambobi ukun, ko ka sa dodon ya nemi hanyar gudu. Da ka zaɓa ka tsaya a kai. Idan kana ƙara rai a ɓoye duk sanda suka kusa gamawa, za su gane, yawanci mai ƙirga ɓarna a gefen takardarsa ne zai fara kama ka.

Bayan an tashi, rubuta a bayan katin zagaye nawa aka yi da wanda ya fara faɗuwa. Duk sanda tawaga ta hau sabon mataki, musamman na 5 inda mayaƙa ke samun hari na biyu, koma mataki na 2 na wannan jagorar ka sabunta takardar alƙalumansu kafin ka ɗauko dodo na gaba.